Karatun Baba a Taron Marubuta

Tun da aka sallamo Baba daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ba ta dawo daidai ba. Kalma takan zo masa har kan harshe ta maƙale, sai ya yi ta bubbuga gwiwarsa da hannun hagu kafin ta fito. Shi ya sa gaban 'yarsa Auta ya faɗi da ya ce zai yi karatu a taron ƙungiyar marubuta.

Duk shekara 'yan ƙungiyar kan haɗu a ɗakin karatu na gari, su karanta rubutattun waƙoƙin magabatansu da suka rasu. Bana an ƙara da Mai Gilashi, aminin Baba tun suna aikin jarida. Ya rasu Baba na kwance, ko gaisuwa bai samu zuwa ba. Waƙarsa ce Baba ya ce zai karanta.

"Baba, ka bari in karanta a madadinka mana," in ji Auta suna cikin mota.

"Ke kin san shi ne?"

"To ka zauna kawai ka saurara."

"Tuƙa motarki, sarauniyar matsorata."

Zauren ya cika. An ture teburan karatu jikin bango an jera kujerun roba, fanka ɗaya tana ta kuka a sama. Wata malamar makaranta ta fara, muryarta tar kamar rediyo. Mai kemis ɗin bakin tasha ya biyo, ya rera tasa da ka har aka yi masa tafi sau biyu. Auta ba ta ji ko baiti ɗaya ba. Idonta na kan Baba, wanda gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, leɓensa na motsi yana bita. Ta miƙa masa ruwa, ya ture.

Da Shugaban ƙungiyar ya kira Baba, ya dogara sanda ya isa gaban makirufo da kyar. A layin gaba matar marigayi Mai Gilashi ce zaune, ta ɗora hannaye a cinya.

Baiti na farko ya fita, a hankali amma ya fita. Na biyu ma haka. A na huɗu ya tsaya cik. Bakinsa ya buɗe ya rufe. Hannun hagun na riƙe da takarda, babu halin bubbuga gwiwa. Wayar wani ta yi ƙara, ya kashe da sauri. Auta ta matso bakin kujerarta. Maƙalewar da ta saba gani ce, ko ciwon ne ya dawo? Ta ƙura wa gefen bakinsa ido ko ya karkace. Shugaba ya miƙe, ya ɗaga hannu zai fara tafi don a rufa asiri.

"Ku ƙyale shi," in ji matar marigayin. "Shi ma mai waƙar a nan ya maƙale. Sai da ya hana ni sakat a gida kafin ya samo kalmar nan."

Zauren ya fashe da dariya. Baba ma ya dara, kafaɗunsa na girgiza, kalmar kuwa ta faɗo a karkace. Ya ja sauran har ƙarshe, ya sauko mutane na ta kama hannunsa. Matar ta ce masa, "Ka isar, Yaya," ta goge ido da gefen mayafi.

A mota ya jingina kai da kujera, ya rufe ido.

"Ka tsallake baiti biyu, Baba," in ji Auta a hankali.

"Na sani. Ina ganinsu, baki ya ƙi."

"Kanka na ciwo?"

"Kaɗan."

Da suka iso shataletale ba ta karya kwanar gida ba, ta miƙe hanyar asibiti. Baba ya buɗe ido ya ga inda suka nufa, ya sake jingina kai da kujera.