Wushiryar Baraka

A Tafoki idan aka ce "mai wushirya" ba a tambayar wace. Baraka ce, matar Malam Mati. Tsagar da ke tsakanin haƙoranta na gaba tsinken tsintsiya yana ratsa ta bai taɓa ko'ina ba, kuma Malam Mati ya sha faɗa a majalisa cewa wushiryar ya fara gani kafin ya ga matar.

Ran nan Baraka tana zuba wa san huɗa dusa, ƙuda ya dame shi, ya kaɗa kai. Ƙaho ya same ta a baki. Haƙoran sama huɗu suka zube, wushiryar ta bi su, don ba ta da sauran wurin tsayawa.

Ita Baraka ba kyau ne ya dame ta ba, masara ce. Damina ta yi nisa, masarar bayan gida ta yi goyo, ita kuwa duk shekara ba abin da take jira kamar ta gasa ɗanyar masara ta gaigaye ta da haƙoran gaba.

'Yarsu Lauratu, da ke aure a Faskari, ta kwashe iyayen nata zuwa asibitin haƙori a birni. Likita ya ce hanya biyu ce. Ko a yi mata na roba, ta sa ta cire yadda take so, a gama kafin wata ya mutu. Ko kuwa a huda ƙashi a dasa ƙarfe, a bar shi ya kama, sai bayan kaka a ɗora haƙoran da ba sa fita.

Baraka ta dafe baki. "A huda ni kamar ƙotar fartanya? Kuma bayan kaka, masara ta bushe? A ba ni na roba."

Malam Mati ya matso. "Likita, wanne ne mai wushirya?"

"Malam, bakinka ne ko nawa?" in ji Baraka.

Likita ya yi dariya, ya ɗauka raha ce irin ta tsofaffi.

Haƙoran suka iso farare tas, a jere, ko allura ba ta shiga tsakaninsu. Daga ranar Malam Mati ya sauya. Idan ta kawo tuwo sai ya ce, "Sannu, baiwar Allah," yana kallon bango.

"Wace baiwar Allah? Ni ce fa."

"Muryar taki ce. Bakin ne na baƙuwa."

Idan ta cire su ta jefa a kofi don dasashi ya huta, sai ya tsuguna yana leƙensu. Wai abin mamaki ne, haƙora suna dariya cikin ruwa ba mai su. Baraka ta yi magana har ta gaji, ta koma tsaki.

Ranar da masara ta isa gashi, ta hura gawayi da hantsi, ta bar haƙoran a kofi, ta zaga bayan gida ta karyo manya uku. Tana dawowa ta ji ƙurus-ƙurus daga gindin rumbu. Malam Mati ne zaune a kan turmi, ya matse haƙoran a tsakanin gwiwoyinsa, yana goga tsakiyarsu da zarton da yake wasa fartanya da shi.

"Malam, mi kake yi?"

"Kaɗan ya rage. Ai na fi likitan sanin faɗinta."

"Ajiye."

"Goga ɗaya tak."

Ya goga. Aka ji ƙas. Biyu suka tsaya a hannunsa, biyu suka faɗi ƙasa, har kaza ta zo ta duba.

Baraka ta daɗe tana kallonsa. Shi kuma ya ɗauko ɓangarorin yana haɗawa yana rabawa.

"Ɗanlahadi mai gyaran rediyo yana da wani gam," in ji shi a hankali. "In aka ɗan bar fili a tsakiya wajen mannawa…"

Baraka ta juya. Ta shiga ɗaki ta ɗauko waya ta kira Lauratu.

"Ki gaya wa likitan nan a dasa mini na ƙarfen."

"Inna, ke da kike tsoron huda?"

"Har yanzu ina tsoro. Amma duk abin da zai zauna a kofi, hannun ubanki zai kai gare shi."

"To ai sai bayan kaka ke nan."

"Na sani. Ta bana ta wuce ni."

Malam Mati ya leƙo ta bakin ƙofa, zarton na hannunsa har yanzu. "Lauratu, a tuna masa da wushiryar."

Baraka ta kashe wayar. Ta fito ta jera masarar a kan garwashi, ta juya su har suka yi ja, ƙamshi ya cika gidan. Sannan ta zauna tana ɓantarar ƙwayar da babban yatsa, tana turawa can kusurwar baki wajen turame, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shan magani. Malam Mati ya matso da turminsa kusa da wuta, ya yi gyaran murya. Duka ukun ta cinye a haka, ba ta miƙa masa ko ƙwaya ba.