Yashi a Ƙasan Baho

Zubaidatu ta ɓoye muciya a cikin zaninta, ta zagaya bayan ɗakin Diana, inda manyan baho uku suke jere a inuwa. Gasara ce a ciki, an tace ta tun hantsi an bar ta ta kwanta. Da la'asar za a tsiyaye ruwan, a kwashe kamu a kai Samaru. Abin da ya kawo ta ba wuya: ta dama su duka, ta ga ta yadda za su sake kwanciya kafin mai keken da zai kai kamun ya iso.

Shekara goma sha tara Zubaidatu tana yin kamu a unguwar Muchia. Ita ta koya wa Diana sana'ar lokacin da Dianar ta kama haya a gidansu, ko jiƙa gero ba ta iya ba. Da idonta ya buɗe, sai Diana ta tafi wurin Madam Oluoma, mai sayar wa ɗalibai abinci a Samaru, babbar mai sayen kamun Zubaidatu, ta raɗa mata wai da ruwan rijiyar da ke jikin masai ake yin sa. Ciniki ya koma hannun Diana. Cinikin bai ci wa Zubaidatu rai kamar sunanta da aka ɓata ba, kuma ta rantse sai ta rama.

Ta ɗaga murfin bahon farko. Ruwa ya taso garau, gasara ta kwanta fara sol. Kafin ta sa muciya, sai ta tura hannu har ƙasa, don hannun mai sana'a ba ya ganin baho ya wuce. Yatsunta suka ji ƙaras-ƙaras. Yashi! Gaggawa ta hana Diana rege geron, ga ƙyallen tatarta duk ya saki. Yashi kuwa ya fi gasara nauyi, shi yake riga ta sauka ya laɓe a ƙasa. In ta dama, Diana za ta sake tacewa ta gano shi. Zubaidatu ta zare hannu a hankali, ta mayar da murfi, ta koma ɗaki da muciyarta, zuciyarta fes.

Da la'asar sai ga Diana a bakin ƙofa, tana murza hannu. Ta ce bahon ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ko Mama Zubaidatu za ta taimaka mata. Zubaidatu ta miƙe ba musu. Rabon da ta yi tsiyaya mai kyau irin ta ranar har ta manta. Ta karkata baho sannu-sannu, ruwa ya zube, ko ɗigon gasara bai bi shi ba.

Duk mai kamu ta san ana barin na can ƙasa a ba awaki. Diana ta tsaya da ƙwarya a hannu, tana duban buhunan da ba su cika ba.

"Mama, in bar na ƙasan?"

"Ki bar wa wa? Kankare shi tas, ki cakuɗa da na sama."

Ita da kanta ta taya ta cakuɗawa, ta ɗaure bakin buhu, ta taya mai keke lodi. Tana ta hango ɗalibai suna kurɓar koko suna tofarwa, Madam kuma tana zazzaga masifa. Daɗi ya cika ta, ba ta ji kunyar jin daɗin ba.

Keke ya fice daga lungu. Diana ta daɗe tana goge hannu a zani, sannan ta durƙusa. Ta ce tun ranar da ta yi ƙaryar nan ba ta samu sukuni ba, shi ya sa jiya ta je ta faɗa wa Madam gaskiya. Madam ta zage ta son ranta, ta ce ba za ta ƙara yarda da kowa ba sai ta ɗanɗana.

"Shi ne na ce mata na yau aikinki ne, Mama, daga jiƙo har tsiyaya. In ya yi mata, cinikinki ya dawo."

Zubaidatu ta dubi bakin lungu. Ko ƙarar keken ba a ji.