Ƙulli Talatin da Ɗaya

Umma ta ja zare da haƙori ta ƙara ƙulli a farin yadin da ke cinyarta, idonta bai bar fili ba. Ƙanena Babagana ne ya sake ƙwace ƙwallo, ya cilla wa Nazeer, Nazeer ya zura a kwando. Fili ya kaure da kiran sunan Nazeer. Ji na yi kamar in miƙe in tambaye su daga sama ƙwallon ta faɗo masa.

"Falmata, wanne zan ɗaure yanzu?"

"Ƙarami na ƙwacewa, Umma. Ki ƙara mai tsakuwa, tunda shi ya miƙa aka ci."

Sana'arta ke nan tun kafin rasuwar Baba, ɗaure yadi da zare a kai wa marinan Ƙofar Mata. Ba ta yi boko ba, amma ƙulli bai taɓa ɓace mata ba. A ranar ta fito kallon ƙwallon kwando karon farko a rayuwarta, domin wata makarantar wasanni ta aiko mutum ya zaɓi ɗan wasa ɗaya tak daga ƙungiyar unguwarmu, karatu da abinci da makwanci duk kyauta. Idan Babagana bai samu ba, Kawu Sabo ya riga ya ware masa rijiyar rini a karofi.

Nazeer yana can gaba, hannu a ƙugu, yana jiran ƙwallo kamar mai jiran a zuba masa shayi. Babagana kuwa da farko dogon abokan karawarmu ya tsare, wanda ya ɗara shi da taƙi guda, har dogon ya koma faɗa da alƙalin wasa. Da wani gajere mai gudun tsiya ya addabe mu, koci ya mayar da shi kansa, gajeren ma ya yi sanyi. Ƙwallo ta bugi allo ta dawo, shi ne a sama. Ta nufi waje, shi ne a ƙasa, gwiwa na jini. Sau biyu ya samu kansa shi kaɗai gaban kwando, sau biyu koci ya daka masa tsawa ya ba Nazeer, ya kuwa ba shi. Mahaifin Nazeer ne ya saya wa ƙungiya riguna da takalma, ga shi can a inuwa yana ta zuba wa baƙon da aka aiko hira.

* * *

Da aka tashi, baƙon, Malam Abdulmalik, ya karɓi takardar wasa. Layi biyu ne a cikinta, na maki da na laifi. Gaban sunan Nazeer ashirin da shida. Gaban sunan Babagana sifili, da laifi huɗu.

Umma ta gyara mayafi ta matsa. A wurinsu mata masu ɗauri, yadi shaida ne, ba a musu da shi. Ta ɗauka ko'ina haka ne. Ta shimfiɗa masa shi a kan tebur.

"Malam, ga aikin yarona. Ƙanana, sau nawa ya ƙwace. Manya, sau nawa ya tare a sama ko ya cafe. Masu tsakuwa, waɗanda ya miƙa aka ci. Talatin da ɗaya ne, ka ƙirga."

Ya shafa ƙullin da yatsa, ya yi murmushi. "Hajiya, in an rina ki ajiye mini. Maiɗakina na son irin wannan."

Raina ya ɓaci. "Malam, dogon nan ashirin ya saba ci, yau shida ya ci. Wa ya hana shi? Ka cire Babagana daga fili ka ga ko Nazeer zai taɓa ƙwallo."

"Malama, ba ni da layin da zan rubuta makin da ba a ci ba. A ofis lamba za a tambaye ni."

Na juya ga koci, shi da ya san gaskiya, shi da ya hana yaro jefawa. Takalminsa yake kallo, sabo fil, irin na Nazeer.

Babagana ya naɗe yadin da kansa. "Umma, mu tafi, la'asar ta yi."

* * *

Bayan sati uku Nazeer ya tafi makarantar, abokansa suka raka shi tasha. Yadin kuwa na mai shi ne, dole a rina a mayar. A rijiyar Babagana aka tsoma shi, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu.

Da ya bushe na raka Umma karofi, ta zauna tana warware zaren ɗaya bayan ɗaya. Kowane ƙulli ya bar farin zagaye a tsakiyar shuɗi. Na ga da me suka yi kama, sifilin da aka rubuta gaban sunansa.

"Ya yi kyau, Umma," in ji Babagana.

Kawu Sabo ya jefo ƙunshin yadi daga bakin wata rijiya, jifar ta karkace, ta nufi ruwan rini. Babagana bai ko waiwaya sosai ba, ya miƙa hannu ɗaya ya cafe. Umma ta laluba zare a gefen zaninta, sai kuma ta janye hannunta.