Gurbin da Auta Ta Bari

…kuma wai ita za a bar wa gurbi a buɗe kamar mai karɓar sadaka? Ita, Ba-Ragi, wadda duk layin masu kwanuka ya shaida ba ta taɓa kiran mai saye ya dawo ba? Wayar na kan cinyarta, allon wasan nan mai kama da saƙar zuma yana ta haske. Ita ce ja, daga sama take jan hanya zuwa ƙasa. 'Yarta Auta ce shuɗi, daga hagu zuwa dama. Wanda ya riga haɗa gefe da gefe ba tsinkewa, shi ya ci. Saura gurbi ɗaya tal. In ta ɗora yatsa, hanyar Auta ta yanke, tata ta kai, wasa ya ƙare.

To me ya riƙe yatsan?

Ga wata mata tana juya tukunya, tana ƙwanƙwasa gindinta kamar mai neman aljani a ciki. Wai a rage mata. Ba-Ragi ta faɗi kuɗi ba ta ko ɗaga kai ba. Matar ta dire tukunyar, ta juya… ga tafiyar nan. Tafiyar mai jira a kira shi, ƙafa na gaba, kunne na baya. Je ki, baiwar Allah, kya dawo da ƙafarki. Duk dawowa suke yi.

Duk — ban da ɗaya.

Auta, jaka a kafaɗa, ido ya yi ja. Ba a daɗe da rasuwar mai gidan ba, wai Mama ki rufe shagon nan, gwiwoyinki sun gaji, ki zo mu zauna tare. Ji fa. Kamar ita tsohuwar kujera ce da za a ɗora a mota. Ta ce mata ta tafi, in ta tafi kuma kada ta kuskura ta kira ta. To wannan ai kuɗin farko ne! Wa ke saye a kuɗin farko? Sai a taya, a yi musu, a rantse, a haɗu a tsakiya: ta riƙa zuwa tana kwana biyu, a ɗauko mai taya ta ɗaga kaya, wani abu dai. Amma yarinyar da ta saba da kantin da ake manna wa kaya takarda… yadda aka faɗa mata, haka ta saya. Ba ta sake kira ba. Taurin kai kamar na — kamar na wa? Na ubanta mana. Allah ya ji ƙansa, shi da ko kaza ba ya iya kora daga tabarma.

A asibiti Auta ta sa mata wasan, lokacin jinyarsa, a bencin nan mai sanyi da ƙamshin magani. Babu karatu a ciki, Mama, launi ne kawai. Ta kama yatsanta tana nuna mata gada: 'ya'ya biyu a karkace, gurbi biyu a tsakaninsu. In aka taka ɗaya, maza ki toshe ɗayan, ko barci kike yi. Ko barci kike yi — da bakinta ta faɗa. To jiya Ba-Ragi ta taka ɗaya a gadar Auta. Yau da hantsi waya ta yi ƙara, ta duba: Auta ta je can kusurwa, inda ko kare ba ya bi, ta ajiye shuɗinta. Gada a buɗe.

Mantuwa? Auta? Yarinyar da ke tuna ranar da aka hana ta zuwa bikin ƙawarta tun tana firamare?

Ko dai ba ta da lafiya… a'a, da hantsi ta ajiye, lokacin da take samun sarari a wurin aiki, kamar kullum. Abin haushin ke nan. Uwa guda, ta koma sanin lafiyar 'yarta ta ƙarar waya. In ɗan shuɗi ya sauka da wuri, ta tashi lafiya. In ya makara, aiki ya yi yawa. Ba gaisuwa, ba yaya gwiwa, ba komai. Wata da watanni shiru, rannan sai ga rubutu ya fito, ta miƙa wayar ga Mai Gyara, mai gyaran waya na shagon gefe, wai idonta ne ke yaji. Ya karanta, ya ce 'yarki ce ke gayyatar ki wasa. Shi ya danna. Ita ba ta danna komai ba, kowa ya shaida.

Ga shi can ya leƙo, da tabarau a goshi da ƙaramin sukundireba a baki. Ɗazu ta tambaye shi, a kaikaice, wai wata ce ke son sani: wasan nan ba a canjaras? Ya yi dariya har ya ƙware. Wai ko an cike allon kaf, dole ɗaya ya wuce, haka aka gina shi. Wane irin mara imani ne ya zauna ya ƙirƙiro abin da ba a haɗuwa a tsakiya? In an ci kuma fa? Sai allon ya rufe, sai in wani ya sake gayyata.

"Maɓalli ɗaya ne, Mama. Kawo in danna miki."

"Na ce maka tawa ce? Je ka gyara na mutane."

Maɓalli ɗaya. Kiran mai saye ke nan, ko da wane suna aka sa masa.

Sandar lokacin nan ta saman allo, da safe kore ce, yanzu ta yi rawaya, sai ƙanƙancewa take yi. In ta ƙare an cinye ta a zaune, allon ya rufe duk da haka, Auta ta ce Mama ta ƙi kula ni. Ta ajiye nata jan a wani wurin banza? Auta za ta gane, ta ce Ba-Ragi ta yi ragi. Ta ci? Ta ci ta samu me — waya shiru, hantsi ya yi ya wuce ba ƙara? Kai, wannan yarinya. Ko na bar miki ki ci ne take nufi, karɓi mu rabu, na gaji? Ko kuwa…

Matar tukunya ba ta tafi ba. Ga ta can bakin layi wajen mai tsintsiya, tana juya tsintsiyar da ba saye za ta yi ba, tana satar kallon nan.

Bakin ƙofa. Jaka a kafaɗa. Auta ta tsaya, ta duƙa tana gyara igiyar takalmi, ta daɗe tana gyarawa, ita kuma tana daga ciki tana goge kwanon da ya riga ya bushe, tana cewa a ranta kya dawo da ƙafarki. Silifas ne fa a ƙafar yarinyar ran nan. Silifas. Ina igiya a silifas?

Sandar ta fara ja. Yatsa na sama da gurbin, bai sauka ba, bai janye ba. Bakinta ya buɗe kaɗan, wajen matar ne, wajen wayar ne, oho… shekara nawa tana jin maƙwabta na faɗar kalmar nan, dawo, dawo ki ɗauka, ba wuya a bakinsu — ita ta ina ma ake fara ta?