Kiran Ƙarshe na Koci Vernon

Darlene tana ɓarar wake a baranda aka yi mata waya daga makaranta. Aka ce mijinta Vernon ya yanke jiki ya faɗi a bakin fili ana tsakar atisaye, da usur a bakinsa. Kafin ta isa asibiti an riga an rufe masa fuska. Da ta dawo gida ta tarar da kwanon waken inda ta bar shi, sai ta zauna ta ƙarasa, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba.

Vernon Pruitt ya fi shekara talatin yana kocin ƙwallon Amurka, wanda ake jifa da hannu, a sakandaren garinsu, can kudancin Alabama. Ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba hukumar makaranta ta ce za a raɗa wa filin suna. Sunaye biyu aka kawo: na Vernon, da na Cedric Tolliver, wanda ya yi masa kwatabak, mai jefa ƙwallo da jan ragamar hari, a shekarar da suka ɗauko kofin jiha. Kofin nan kaɗai garin ya taɓa gani. Darlene ba ta ɓoye wa kowa ba, sunan mijinta take so ta gani a saman ƙofar.

Musu ya tashi a shagon aski na yayanta Hollis, ya bi mutane har harabar coci. Wasu suka ce a ƙirga wasannin da Vernon ya ci. Wasu suka ce a dubi irin yaran da ake ba shi, 'ya'yan ma'aikatan katako, kamar iska za ta ɗauke su, amma ya mai da su 'yan wasa. Wasu kuwa suka ce ba a auna koci sai da kofi, kofin kuma hannun Cedric ne ya kawo shi.

Kowa ya san yadda wasan ƙarshen ya ƙare. Lokaci ya kusa cika, Vernon ya aika da umarnin a ruga da ƙwallon ta tsakiya. Cedric ya dubi yadda abokan karawa suka jeru, ya yi watsi da umarnin, ya cilla ƙwallon nesa, abokin wasansa ya cafe, suka ci.

Ranar taron hukuma, da la'asar, Hollis ne ya fara miƙewa. Ya ce Vernon surukinsa ne, ya yi masa aski kyauta har gashin ya ƙare, amma gaskiya ɗaya ce: da yaron ya bi maganar koci ran nan, da babu kofi.

Darlene ba ta taɓa magana a taro ba. Ta tashi tana riƙe da jakarta da hannu biyu, ta gaya musu abin da Vernon yake yi kowace Laraba. A tsakar atisaye yakan ba kwatabak umarnin da ya san ba daidai ba ne, da gangan, ya koma gefe ya harɗe hannu. In yaro ya bi ido rufe, sai ya zagaya fili da gudu. In ya duba gabansa ya canza, Vernon ba ya cewa komai, sai dai ya dawo gida yana fito.

"Wa ya koya wa Cedric ƙin bin magana, Yaya?" ta ce. "Kai da almakashinka?"

Aka yi dariya. Hollis ya jira ta lafa.

"Na ji, ƙanwata. To, yara nawa ya yi wa Larabar nan? Ina sauran Cedric ɗin?"

Ta san yaran duka, ta ciyar da su, ta san wanda yake kuka in an sha kashi. Babu wanda ya taɓa jifa irin na Cedric. Aka ɗaga hannu, sunan Tolliver ya rinjaya. Hollis ya ce zai kai ta gida, ta ce ƙafafunta lafiya lau.

A zamanin Vernon, kowace Asabar kwatabak yakan zo gidan koci karin kumallo, an ci ko ba a ci ba. Asabar ɗin da ta biyo baya sai ga Cedric a ƙofa, ya taso tun daga birnin Mobile, da furfura a gemu, yana jan gwiwa. Bai halarci taron ba. Ya ce ya ji abin da aka yanke, in tana so zai je ya ce a cire sunansa. Ta ce suna na tausayi Vernon ba zai karɓa ba, ta nuna masa kujera ya zauna. Ta zuba masa dafaffen tsakin masara da man shanu, ta soya ƙwai. Sai da ya ci rabi ta tambaye shi abin da ya hana ta sukuni: umarnin ƙarshen nan, kuskure ne ko da gangan?

Cedric ya ajiye cokali.

"Mama Darlene, na tambaye shi a kan teburin nan, kina wanke kwanuka. Na sake tambayarsa ranar aurena. Dariya kawai yake yi, ya ce in ci abinci kada ya huce."

"Kai a ganinka fa?"

"Wata rana in ce kuskure ne. Wata rana in tuna da na waiwaya gefen fili kafin in jefa, na gan shi ya harɗe hannu."

Ta daɗe tana kallon kujerar Vernon. Sannan ta ƙara masa ƙwai.

An kafa allon, da sunan Tolliver da manyan baƙaƙe. Takan wuce ta ƙarƙashinsa in za ta kasuwa. Ita da Hollis sun koma gaisawa, har yanzu dai bai sauka daga maganarsa ba, ita ma haka.

Vernon yana da wata ɗabi'a da safe. Tun yana kwance, ido a rufe, zai ce mata yau hadari ya haɗu, ko da rana ta take. Ita kuma sai ta yi tsaki, ta je ta ɗaga labule ta gani da idonta. Yanzu babu mai faɗa mata komai. Amma kullum, kafin ta ɗora ruwan kofi, sai ta je taga ta ɗaga labulen ta duba.