Hotunan da Haske Ya Cinye

Su biyu ne a gidan, tsoho da jikarsa. Ɗaki biyu ne da ɗan madafi a saman bene, can ƙarshen wani layi da motar haya ba ta son shiga. Tsohon mai gyaran agogo ne a da, sai da hannunsa ya soma rawa ya ajiye sana'ar. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya Allah ya ba shi, ma'aikaciyar jinya, ita ce uwar yarinyar, kuma aiki ya kai ta wani asibiti a ƙasa mai nisa. Uban yarinyar ya rasu tun tana goye. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba, don uwar ba ta sakaci da su. Hira ce babu a gidan. Tsohon mutum ne da sai ya auna magana kafin ya faɗe ta, yarinyar kuma 'yar shekara tara ce, ba ta da ƙawa a layin.

Kurciya yake ce mata, saboda da ta dawo makaranta sai ta ɗare kan dakalin taga ta zuba wa titi ido. Ita kuma Kaka take ce masa, in ta so tsokana ta ce tsoho.

Akwai abin da yake damun Kurciya wanda ba ta gaya wa kowa ba. Fuskar uwarta ce take ɓace mata. Muryar tana nan, tunda suna magana ta ƙaramar wayar Kaka, mai madannai, wadda murya kaɗai take ɗauka. Ƙamshin sabulunta ma tana tunawa. Amma in ta rufe ido ta nemi fuskar, sai ta samo goshi ta rasa hanci, ta samo murmushin ta rasa idanun. Tsofaffin hotunan gidan kuwa ruwa ya cinye su tun a gidan da suka bari, shekarar da rufin ya yi yoyo.

Tunda ya bar agogo, Kaka ya samu abin yi guda. Yana da wata kyamara ta roba, shuɗiya, marar nauyi, irin wadda ake saya wa yara su yi wasa. Idonta ma na roba ne. Ya bi gefe-gefenta ya liƙe da baƙin salatif. Fim ake saka mata, a danna, a murɗa wani ɗan kunne a sama ya yi ƙiri-ƙiri, sannan a sake dannawa. Da hantsi yakan rataya ta a wuya ya sauka, ya zaga layin ya dawo, sau da yawa bai ɗauki komai ba. Fim ɗaya sai ya yi masa watanni. In ya cika, ya kai wa Dogo, wanda shi kaɗai ya rage a unguwar yana wankin fim. Hotunan da suke fitowa ba su da kaifi, tsakiyarsu haske, kusurwoyinsu duhu: ƙofar wani shago a rufe, keke a jingine, kyanwa a kan tayar mota. Tare da su Dogo yake ba shi nagetif, wato doguwar ledar fim ɗin da aka wanke, mai launin ruwan shayi. Kaka yakan ɗaga ta saitin taga, Kurciya ta leƙo ta kafaɗarsa ta ga 'yan ƙananan hotuna a jere a jiki.

"Kaka, me ya sa ba ka ɗaukar mutane?"

"Mutane ba sa tsayawa."

"Kyanwa tsayawa take?"

"Ta fi ki."

Ana nan uwar ta samu ɗan hutu ta zo. Hutun bai taka kara ya karya ba, rabinsa ma zirga-zirgar takardun aiki ta cinye shi. Amma gidan ya cika. Ta wanke labule, ta yi wa Kaka faɗa a kan maganinsa, ta tsefe wa Kurciya kai tana mita. Duk inda ta sa ƙafa Kurciya na biye, tana kallon fuskarta kamar mai haddar karatu. Uwar ta yi ta ɗaukarsu hoto ita da 'yarta da babbar wayarta mai faɗi kamar faranti, kunci da kunci. In ta juyo da wayar wajen Kaka sai ya kare fuska da tafin hannu.

"Ni ba a ɗaukata da faranti," in ji shi.

Safiyar da za ta koma, jakunkuna na bakin ƙofa, Kaka ya shiga ɗaki ya fito da kyamararsa, ya kuma canja riga.

"Baba, har yanzu kana nan da wannan abin wasan yara?" in ji uwar tana dariya. "Bari in na sauka in turo muku nawa."

"Ki turo ina? Wayata ba ta da ido. Tsaya nan, wajen taga."

Ya ɗauke ta ita kaɗai. Ya murɗa. Ya ɗauke ta da Kurciya. Ya murɗa. Sai ya miƙa wa Kurciya kyamarar.

"Riƙe da hannu biyu. Kada ki yi numfashi sai kin danna."

Ya je ya tsaya kusa da 'yarsa, a miƙe ƙyam kamar soja. Uwar ta ɗora kanta a kafaɗarsa. Kurciya ta danna, daidai lokacin da mai tasi ya yi ham a ƙasa.

Bayan tafiyarta shirun gidan ya fi na da nauyi. Washegari Kurciya ta ce a kai fim wajen Dogo.

"Bai cika ba," in ji Kaka. "Da saura."

"To ɗauke ni. Ɗauki buta. Ɗauki takalmina."

"Ba a ɓarnar fim, Kurciya. Uwarki na ciki, ba inda za ta."

Ya rataya kyamarar a ƙusa. Kwanaki suka yi ta wucewa, ya fita da ita ya dawo da ita bai danna ko sau ɗaya ba. Kurciya kuwa ta soma jin abin nan yana dawowa. Ta rufe ido a aji ta nemi fuskar, sai ta ga gefenta ya fara dushewa.

Wata rana ta dawo makaranta ta tarar Kaka ya tafi karɓo magani. Kyamarar na rataye. Ta tsaya ta yi tunani irin nata, kuma tunanin a tsare yake. Kaka ya ce uwarta na ciki. Ta sha ganin yana ɗaga fim saitin taga hotuna su bayyana. Ke nan ba sai an jira Dogo ba, za ta leƙa sau ɗaya ta mayar. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa fim ɗin da Kaka ke ɗagawa wankakke ne, wanda ke cikin kyamara kuwa ɗanye ne, haske kaɗan ya ishe shi lalacewa. Kaka bai faɗa ba don bai zaci akwai wanda bai sani ba.

Ta taka kujera ta sauko da ita. Ta ɓare salatif a hankali, ta liƙa shi a gefen tebur don kada ya ɓata. Ta tura ɗan maƙullin, bayan ya buɗe. Ta kai ta taga inda rana ta fi ƙarfi, ta ƙura ido. Wata leda ce mai ruwan toka, sumul, ba ko ɗigo a jikinta. Ta karkata ta nan, ta karkata ta can. Babu uwarta, babu kowa. Ta rufe, ta mayar da salatif, ta hau dakalin taga ta zauna riƙe da kyamarar a cinya.

Da Kaka ya shigo yana haki saboda matakala, ba ta bari ya zauna ba.

"Kaka, kyamararka ta lalace. Mama ba ta ciki. Na duba."

Ledar maganin na hannunsa. Ya dubi salatif ɗin da ya karkace, ya dubi taga, ya dube ta.

"A nan kika buɗe? A rana?"

"Don in gani sosai."

Ya jawo kujera ya zauna. Sannan ya kira ta kusa, ya yi mata bayani dalla-dalla, yadda hoto yake kwanciya a jikin fim ba a ganinsa, yadda duhu ne yake tsare shi har a wanke. Tun bai gama ba ta gane, ta fashe da kuka.

"Laifina ne," in ji shi. "Wanda bai faɗa ba shi ya buɗe. Share hawayenki, sa takalmi."

Ya naɗe fim ɗin ya koma cikin gwangwaninsa, duk da bai cika ba, suka sauka.

Shagon Dogo ɗan tsukuku ne tsakanin mai aski da mai gyaran waya, yana warin magani mai hawa kai. Yanzu hoton fasfo ne yake ci da shi. Dogo ya ga fim ya ga idon Kurciya, ya kama haɓa.

"Tsoho, lafiya? Yau kuma tun lokaci bai yi ba ka kawo? Ko kyanwar layinku aure za ta yi?"

"Ya sha haske," in ji Kaka.

"Wa ya ba shi?"

"Mu."

Dogo ya sake duban yarinyar, bai ƙara tambaya ba. Ya ce su dawo jibi.

Da suka koma ya shimfiɗa musu hotunan a kan kantar shagon. Hotunan farko sun tsira, sai ɗan ja-ja a bakinsu kamar an kara su a wuta. Ga keke, ga ƙofa, ga wata kujera a bakin titi.

"Waɗannan suna can ƙurya a naɗe, na baya ne suka yi musu laima," in ji Dogo. Ya ɗaga ƙarshen nagetif ɗin, baƙi ƙirin. "Na baya kuwa, Allah ya ji ƙansu."

Kurciya ta soma hawaye. Dogo ya sunkuyo da tsawonsa duka ya tambaye ta me ke ciki. Ta gaya masa, har da hotunan da uwarta ta ɗauka da waya ta tafi da su.

"Au! Shi ne kike neman cika min shago da ruwa? Ai sai ta turo ta wayata in buga miki a takarda. Wannan kakan naki shi da zamani ba sa ga-maciji, ya mance ana haka."

Kurciya ta dubi Kaka. Kaka ya gyaɗa kai. Sai ya nuna baƙin wurin da yatsa.

"Ka buga min na ƙarshen nan."

"Wanne? Tsoho, fari fat zai fito. In farar takarda kake so ga ta can, kyauta."

"Buga dai."

Haka aka yi. Suka kira uwar, ta yi dariya, ta yi salati, ta turo. Ranar da Kurciya ta karɓo hotunan a guje ta hawo bene. Ga uwarta tar, har da ɗan tabon da ke gefen girarta, wanda Kurciya ta mance da shi sam. Ta jera su a kan gado, ta sake jerawa. Ta sa ɗaya a jakar makaranta, ta jingina ɗaya a taga. A duk cikinsu ita ce da uwarta, kunci da kunci, amma ba ta lura da hakan ba, murna ta rufe mata ido. Ta yi ta kai wa Kaka yana cewa, "Ya yi kyau, ya yi kyau."

Bayan 'yan kwanaki aka tashe su makaranta da wuri. Ta hawo a hankali, ƙofa a buɗe. Kaka na zaune a tebur, ya ba ta baya, bai ji shigowarta ba. Ya maƙala ɗan gilashin nan na masu gyaran agogo a ido ɗaya, ya sunkuya a kan farar takardar da Dogo ya buga masa. Hannunsa na rawa, sai ya danne shi da ɗayan. Yana bin takardar sannu-sannu, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya kai ƙarshe ya sake dawowa.

Kurciya ta matso ta leƙa. Fari ne fat, sai wata 'yar inuwa a ƙasa, wadda za ta iya zama kafaɗa, za ta iya zama datti.

"Kaka, me kake nema?"

Ya ɗan zabura, ya cire gilashin.

"Ba komai. Ina duba aikin Dogo ne." Sai ya ɗora yatsa a kan inuwar. "Ke da kika ɗauka, nan ne ta sa kanta, ko ta wancan gefen ne?"

Kurciya ta rufe ido. Wannan karon ba ta sha wuya ba.

"Nan ne. Kai kuma ka ƙame kamar an ce za a yi maka allura."

Kaka ya yi 'yar dariya ta hanci, ya mayar da gilashin idonsa. Ita kuwa ba ta hau taga ba. Ta jawo ɗaya kujerar ta zauna kusa da shi, jakarta na goye a baya. A ranar ta gane cewa wadda ta tafi ɗin ba uwarta ce kaɗai ba, 'yar Kaka ce, kuma shi ma kewarta yake yi.