Hasken da Inna Ta Gani

Likitar ta gama manna wayoyi a ƙeyar Hajiya Zouera, ta kashe fitila, ta ja ƙofa. Duhu ya rufe ɗakin ruf.

"Chaibou, kana nan?"

"Ina nan, Inna."

Ya laluba ya kama hannunta. Shi ya ɗauko ta daga unguwar Goutte d'Or da ke babban birnin ƙasar zuwa wannan asibiti na Lyon, a kamyon da yake jigilar kaya da shi, don a duba ko ciwon suga ya taɓa mata ido. Ba ta jin Faransanci, shi ya sa aka bar shi ciki. Likitar ta ce sai ido ya saba da duhu tukuna, sannan a riƙa walƙa ɗan haske, wayoyin su nuna ko ƙwaƙwalwa ta gani.

"Aikin Nasara ke nan," in ji Hajiya. "A kashe wuta wai za a gwada ido. Ga kitsona sun ɓata."

Ya yi dariya. Suka zauna jiran hasken.

"Ga shi can," ta ce.

Chaibou ya zare ido. Babu komai.

"Ga wani kuma."

Ya san halinta. Ko maganin da bai yi mata aiki ba, cewa take ya yi, don kada likita ta ji kunya. Ya ɗaga murya da Faransanci ya ce a yi haƙuri, tsohuwa kara take yi, ba a kunna komai ba.

"An kunna," muryar likitar ta fito ta lasifika. "Ƙwaƙwalwarta ta amsa duka biyun. Idonta lafiya lau."

Ya fassara mata, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya tuna yadda kwanan nan yake bin fitilun motar gabansa da dare, yana zagin masu gyaran hanya wai ba su sa alama ba.

"Kai ba ka gani ba?" in ji Hajiya.

Ta matse masa yatsu.

"Babanka ma da dundumi ya fara. Gaya mata ta cire wayoyin nan ta sa maka."

"Inna, za su karɓe min permi na tuƙi. Da me zan ciyar da yarana, su Rauda?"

"Na sani. Ni dai ba ni da bakin gaya mata."

A ɗakin, shi kaɗai ke jin harsunan biyu. Yana iya cewa tsohuwa ta gode, su tashi.

"Me ta ce?" in ji likitar.

Chaibou ya gyara zama, bai saki hannun ba.

"Madam," ya ce, "kada ki kunna fitila tukuna."